Bargo Aka Ƙara Mana, Ba Rami Ya Ɓule Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya ƙara wa wannan jarida albarka, ina roƙon ɗan fili in yi gyara a kan wani rahoto da kuka buga kwanan baya game da zafin bazara. Ba raina aikin wakilinku na yi ba. Ya yi yawo, ya ji ta bakin masu sayar da ƙanƙara da 'yan kabu-kabu da ma'aikatan jinya, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Inda ya yi tuntuɓe shi ne wajen kawo dalili. Ya ce wai rami ne ya ɓule a rufin sama, rana take zubo mana kai tsaye ta cikinsa, kuma masu saran itace da masu gawayi ne suka ɓula shi.

A majalisarmu ta gindin dogonyaro aka karanta rahoton bayan la'asar. Maƙwabcina mai sayar da gawayi yana zaune, nan take aka yi masa caa. Wani ya ce, "To kun dai ji, ku kunka huda sama." Ya yi shiru, can ya juyo wajena ya ce, "Malam, don Allah hwaɗa mini gaskiya. Ni da buhu ukku nika saidawa in kasuwa ta yi kyau, ni na kawo wanga zahi?" Aka kwashe da dariya, shi bai yi ba. Saboda shi na ɗauki biro.

Shekara 31 na yi ina koyar da kimiyya a makarantun sakandare na jihar nan kafin in ajiye alli in koma noman albasa a fadamar Rima, kuma tun ina aji nake fama da wannan zancen rami. Ramin yana nan, ba ƙarya ba ne, amma maganarsa daban. Can sama akwai wata iska da ake kira ozon, wadda ke tace wani ɓangare na hasken rana mai ƙona fata. A 1985 masu bincike 'yan Ingila suka sanar cewa ta yi siriri ƙwarai a saman Antatika, can ƙarshen kudancin duniya inda ba kowa sai ƙanƙara. Sinadaran da ake sa wa firji da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanin feshi ne suka ci ta. A 1987 ƙasashe suka sa hannu a birnin Mantiriyal na Kanada a daina yin su, aka daina, yanzu haka ramin yana warkewa sannu a hankali. Ba a kan Sakkwato yake ba, kuma ba shi ke hana mu barci a watan Afrilu ba.

Abin da ke hana mu barci, kowane Basakkwace ya san shi a jikinsa, sunansa ne kawai bai sani ba.

Ka tuna daren hunturu a watan Janairu, sama tas, taurari kamar a miƙa hannu a tsinko. Da rana an sha rana, amma kafin asuba ruwan randa ya gagari alwala, sai an ɗora a wuta. Sannan ka tuna daren ƙarshen Mayu, hadari ya haɗu ya ƙi zuba, iska ta tsaya cik. Ka watsa wa katifa ruwa, ka fito da tabarma tsakar gida, yara suna ta juyi suna kuka, zufa tana bin bayan wuya har kiran sallar farko. A dararen nan biyu babu rana ko ɗaya; ta faɗi tun magariba. To me ya bambanta su? A daren hunturu iska busasshiya ce, zafin da ƙasa ta sha da rana yana samun hanya ya gudu sama. A daren Mayu iska cike take da laima, laimar nan da gajimare sun tare shi sun mayar mana da shi.

Ƙasa tana fitar da zafi, ko da ido ba ya gani. Wanda ya taɓa jingina da bangon siminti bayan isha'i ya san haka, bangon yana huci kamar murhun da aka sauke tukunya. Haka wanda ke jin ɗumi a gaban kaskon garwashi: bai taɓa wuta ba, amma fuskarsa tana jin ta. Hasken rana yana ratsa iska ya sauko ba tare da wani cikas mai yawa ba, ƙasa da bango da kwalta su sha, sannan su mayar da shi sama a matsayin wannan ɗumi marar launi. Mafi yawan iskar da ke kewaye da mu, naitirojin kashi 78 cikin ɗari da oksijin kashi 21, ba ruwansu da shi, suna barinsa ya wuce. Amma akwai wasu 'yan tsiraru masu kama shi: tururin ruwa, da iskar kabon da ke fita idan an ƙona abu, da iskar metan da ke fita daga cikin shanu da gonakin shinkafa masu kwance da ruwa da rijiyoyin gas. Su kama, su mayar da wani kaso ƙasa.

Turawa sun ba abin sunan gidan gilashin da suke renon tsirrai a ƙasashensu na sanyi. Na sha ganin an juya sunan zuwa Hausa an ce "koren gida", har wani ɗalibina ya taɓa tambayata ko fentin gidan ne ke kawo zafi. Mu ba mu da wannan gida, don me za mu ara? Muna da bargo. Bargo ba ya da wuta a cikinsa. Ka shimfiɗa shi a kan dutse, dutsen ba zai yi ɗumi ba. Aikinsa kawai ya riƙe zafin jikinka kada ya tsere. Kuma bargon nan na sama rahama ce: ba don shi ba, matsakaicin yanayin duniya zai kasance wajen digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas, maimakon wajen 15 sama da sifili da muke da shi. Da gulbin Rima dutsen ƙanƙara ne. Ba bargon ne laifi ba. Laifin shi ne mutum yana kwance da bargo ɗaya daidai jikinsa, aka zo ana ƙara masa wani a kai.

Wannan ilimi ba na jiya ba ne, kuma ba wata ƙungiyar agaji ce ta ƙirƙiro shi don neman kuɗi ba, kamar yadda nake ji ana faɗa a shayi. Wani Bafaranshe, Joseph Fourier, ya fara lissafa tun shekarun 1820 cewa duniya ta fi ɗumin da ya kamata ta yi in da rana kaɗai ke aiki. A lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ke kan gado a nan garin. A 1856 wata mata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta cika kwalaben gilashi da iska iri-iri ta ajiye a rana, ta ga mai iskar kabon ta fi zafi kuma ta fi daɗewa ba ta huce ba. A 1859 John Tyndall ya auna abin da kayan aiki masu kyau a Landan. A 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya zauna da takarda da fensir ya lissafa yadda duniya za ta ɗumama in iskar kabon ta ninka. Duk wannan kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903.

Sai awo. A 1958 Charles Keeling ya kafa na'ura a kan dutsen Mauna Loa a tsibirin Hawai, nesa da hayaƙin kowane gari, ya fara auna iskar kabon. Ya samu kashi 315 cikin miliyan. Kumfar iskar da ta maƙale cikin tsohuwar ƙanƙarar Antatika ta nuna cewa kafin zamanin masana'antu kashi 280 ne. Yau ta haura 420.

A nan kullum ake tare ni. A ce, Malam, 420 cikin miliyan? Ai kamar a ce mutum yana da naira miliyan ɗaya ne ana maganar naira 420, ko kuɗin kabu-kabu zuwa kasuwa da dawowa ba su kai ba. Amsata ita ce su je su tambayi matan gida nawa ake sa shuɗi a bahon wanki kafin ruwan duka ya rine, ko su tambayi wanda kunama ta harba nawa ne nauyin dafin. Mafi yawan sauran kuɗin, wato naitirojin da oksijin, ba sa kama zafi ko kaɗan, saboda haka duk aikin yana kan 'yan canjin nan da 'yan'uwansu irin tururin ruwa da metan. Kuma daga 280 zuwa 420 an ƙara rabi cur. Akwai ƙari a kan ƙari: iskar kabon ta ɗan ɗumama sama, sama mai ɗumi ta ƙara ɗaukar tururin ruwa, wajen kashi 7 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya, tururin kuma shi ma bargo ne.

Wani lissafi da ɗalibaina ba sa mantawa: litar fetur ɗaya ba ta kai kilo ɗaya a nauyi ba, amma in an ƙona ta tana fitar da iskar kabon wajen kilo 2.3. Sukan ce ƙarya ne, ta ina ƙarin ya fito? Daga iska. Kowane ƙwayar kabon da ke cikin man sai ta auri ƙwayoyin oksijin biyu kafin ta fita ta salansa. Baƙin hayaƙin da kake gani a bayan tsohuwar tipa ba shi ba ne. Wannan toka ce, tana faɗowa cikin kwanaki. Ita iskar kabon ba launi ba wari, kuma wani kaso nata yana zama a sama ɗaruruwan shekaru. Wadda jiragen ƙasan Ingila masu kwal suka fitar tun zamanin kakannin kakanninmu, saura tana nan.

In wani ya ce ƙila rana ce ta ƙara ƙarfi, an duba. Taurarin ɗan'adam suna auna ƙarfinta tun ƙarshen shekarun 1970, bai ƙaru ba. Kuma da rana ce, da sama da ƙasa duk sun yi zafi tare. Abin da aka gani shi ne iskar da ke kusa da mu tana zafi, ta can ƙololuwa tana sanyi, daidai yadda wanda ya ƙara bargo jikinsa ke zafi, bayan bargon kuma ya yi sanyi. Syukuro Manabe, haifaffen Japan, ya hango haka da lissafi tun 1967, aka ba shi kyautar Nobel a 2021.

Na san abin da ke ran wasu masu karatu, domin yana raina ni ma. Ya tabbata a hadisi cewa tsananin zafi daga hucin Jahannama yake, har aka yi umarni a jinkirta azahar sai gari ya ɗan yi sanyi. Na yi imani da wannan, ban da ja. Amma imaninmu cewa Allah ne ke saukar da ruwa bai taɓa hana manomi sanin cewa hadari daga gabas yake tasowa ba, kuma ba wanda ya ce ya yi saɓo don ya duba gabas kafin ya kwashe shanya. Sanin sababi ba ya kore Mai sababi. Aya ta 41 a Suratur Rum ma ta gaya mana ɓarna tana bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Abin tambaya kawai, hannayen wa?

Ga amsar da na ba mai gawayi. Duniya tana fitar da iskar kabon fiye da tan biliyan 35 kowace shekara daga kwal da man fetur da gas da yin siminti. Duk nahiyar Afirka, da mutanenta fiye da biliyan ɗaya, kasonta bai wuce 4 cikin ɗari ba. Cana ce kan gaba a yau. In kuwa an tara tun daga farko, Amurka ce. Ba'amurke ɗaya yana fitar da wajen tan 14 a shekara, ɗan Najeriya bai kai tan ɗaya ba. Mu ma muna da namu abin kunya, gas ɗin da ake ƙonawa a banza dare da rana a yankin Neja Dalta alhali matanmu suna hura itace, amma wannan ba a majalisarmu aka yanke shi ba. Na ce masa, ko yau duk masu gawayin Sakkwato da Kabi da Zamfara suka tuba suka koma sayar da goro, na'urar Mauna Loa ba za ta san an yi ba.

Ya washe baki. Na ce kada ka yi saurin murna, akwai naka laifin, amma a wata kotun.

Saran itace yana cutar da mu a nan, yau, a gonarmu. Wanda ya bi hanyar Illela ko ta Tangaza shekara arba'in da suka wuce ya sake bi yanzu ba ya bukatar malami. Inda aka sare gawo da kirya da aduwa, iska tana kwashe ƙasar sama, rairayi yana binne shuka, ruwan sama yana gudu maimakon ya nutse, dabba ba inuwa. Wannan ciwo ne na gida, maganinsa ma na gida ne. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya tun shekarun 1980: ba su jira an kawo musu dashe a mota an ɗauki hoto ba, kututturen da ke tohowa a gona suka daina sassabewa, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari su girma. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo ta haka a Nijar. Mu muna cikin jihohi 11 na shirin katangar itatuwa ta Afirka da aka amince da shi a 2007, amma ni dai gawon da ya tsiro da kansa a gonata ya fi duk wanda na dasa lafiya.

Ciwo biyu ne ke nan a jiki ɗaya, kuma abin da rahotonku ya yi shi ne ya haɗa su ya ɗora wa mai ƙaramin ƙarfi. In an gaya wa talaka shi ya jawo zafin duniya, an zalunce shi, an kuma wanke masu manyan masana'antu. In kuma an gaya masa duk laifin Turawa ne, gobe zai ɗauki gatari da zuciya ɗaya.

Abin da ya fi damuna a matsayin manomi shi ne ruwa. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya aka yi farin 1973. Na ga mutanen arewa suna shigowa gari da raƙuma ƙashi da fata, ana sayar da saniya kuɗin da bai kai na tunkiya ba. Aka sake a 1984. Saboda haka mu tsofaffi mun ɗauka canjin yanayi yana nufin fari kawai. Ba haka ya zo ba. Tun shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo yankin Sahel, amma ya dawo da wani hali. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya gano cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku, kuma masu binciken sun danganta haka da yadda Sahara ke ƙara zafi. Wato ruwan da ya kamata ya zo kashi-kashi gero ya sha a hankali, sai ya zo dare ɗaya ya rusa katanga, sannan a yi kwana ashirin ana kallon sama shuka tana murɗewa. Mutanen garin nan ba su manta Satumbar 2010 ba, lokacin da Rima ta cika ta batse, ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasar nan. A Satumbar 2024 Maiduguri ta kwana cikin ruwa. Ba na cewa kowace ambaliya ɗumamar duniya ce. Wanda ya gina gida a kan hanyar ruwa, da mu da muke cika kwata da leda, ba mu da bakin zargin Amurka. Amma lissafin kashi 7 ɗin nan yana aiki ko mun yarda ko ba mu yarda ba: sama mai zafi ta fi ɗaukar ruwa, in ta tashi saki kuma ta saki da yawa.

Zafin kansa kuwa, azumin 2024 ya ishe mu shaida. A ranar 3 ga Afrilu na shekarar garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, asibitocin Bamako suka cika, tsofaffi suka yi ta mutuwa. Hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara rubutawa, wajen digiri 1.55 sama da zamanin kafin masana'antu, alhali a Faris a 2015 an yi alkawarin ƙoƙarin tsayawa a 1.5. Wani zai ce digiri ɗaya da rabi me ne ne ga mu da muka saba da 42? Matsakaici ne na duk duniya, har da tekuna masu jinkirin zafi; tudu ya fi haka. Kuma uwa ta san bambancin yaro mai 37 da mai 38.5. A rumbun albasata na ga nawa: a shekarun baya nakan ajiye har farashi ya tashi, yanzu kowane mako sai na shiga na tsince ruɓaɓɓu, in fito da kwando ina toshe hanci, in yi ta lissafin ko gara in sayar da arha tun da wuri.

Roƙona gare ku ba mai yawa ba ne. In za ku sake rubutu a kan wannan, ku bar ramin nan ya huta, ku ce bargo, kowa zai gane. Hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara kafin ruwa ya sauka, da lokacin farawa da na ɗaukewa. Ku riƙa buga na ƙananan hukumominmu da Hausa a shafin gaba, ba a ƙasan tallan taya murna ba. Kuma ku tura wakilinku ya nemo alƙaluman zafin dare na Sakkwato na shekaru talatin ko arba'in, ba na rana kaɗai ba, domin da dare ne jiki ke hutawa, kuma da dare ne bargo ke nuna kansa.

In zai zo, ya zo a watan Afrilu, ya kwana biyu. Akwai tabarma a tsakar gida, akwai randa, mai gawayi ma ya ce yana son ganinsa.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin kimiyya, manomin albasa,
Sakkwato.